Barkono a Bakin Teku

Ranar kasuwar Sara ce, da hantsi, direban wata ƙaramar bas ya tsaya a ƙofar gidan Malam Barau ya yi ta danna oda kamar an biyo shi. Da aka leƙo sai ya zaro wani abu daga bayan kujera, mai faɗi kamar murfin taga, an naɗe shi da kwali, an sake naɗewa da leda, an ɗaure da igiya tamau sai ka ce ana tsoron zai tsere. Ya ce daga Kalaba, can bakin teku, aka aiko shi, hannu zuwa hannu, mota huɗu ya hau kafin ya iso ƙasar Gwaram. Saƙon Ashiru ne.

To, kafin a kwance igiyar nan sai kun san Inna Munawwara, matar gidan, don kada ku ce ba ta da kirki. Tana da shi, wallahi tana da shi, sai dai ƙarƙashin faɗa take ajiye shi. Ashiru ɗanta ne na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda iyayenta ma suka yi da nasu 'ya'yan farin. In yana kusa, "Kai." In yana nesa, "wancan." Da haka aka yaye shi, da haka ya yi gemu.

Shekara uku da suka wuce wancan ɗin ya shigo gida da takarda, bakinsa har kunne, wai an ɗauke shi aikin sojan ruwa. Malam Barau ya sa albarka nan take. Inna kuwa, wadda a wurinta duk ruwan da ya wuce gwiwa abin gudu ne, ta ajiye muciya ta miƙe.

"Wallahi tallahi," ta ce, "in ka taka ruwan nan, bakina da kai ya rufe, sai ranar da ka baro shi."

Ba baki ta yi masa ba, Allah ya kiyaye. Ranar tafiyarsa ma ita ta cika masa jaka da yaji da ƙuli-ƙuli da dambun nama. Amma rantsuwa ta riga ta fita, ita kuma ba ta cikin masu haɗiye magana.

Sai aka shiga wani irin zama mai ban dariya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ashiru zai bugo wa babansa waya. Malam Barau zai buɗe murya yadda kowa zai ji, Inna kuma za ta jawo tabarma kusa-kusa, ta juya wa wayar baya, ta kama tankaɗen garin da ba ya bukatar tankaɗe.

"Malam, ka tambayi wancan, yana cin abinci kuwa?"

"To, ka dai ji," in ji Malam Barau, don shi mutum ne mai son sauƙi.

"Ni ban ce ya ji ba! Cewa na yi ka tambaye shi!"

Dole Malam ya maimaita, Ashiru ya amsa, Malam ya sake juyo wa Inna da amsar da ta riga ta ji da kunnenta. Shekara uku ana haka.

Amma a ranar da kwalin nan ya iso, an yi Juma'a shida wayar ba ta yi ƙara ba. A kiran ƙarshe Ashiru ya ce jirginsu zai fita can tsakiyar teku inda waya ba ta kamawa, mako uku zai dawo. Uku ta wuce, ta ninka. Inna ba ta ce uffan ba, sai dai kajin gidan ne suka san halin da ake ciki, don kullum da abin da za a jefe su da shi.

Malam Barau ya yanka igiyar. Inna ta zaci atamfa ce, ko kuma hotonsa da fararen kayan nan nasu. Ina! Zane ne da fenti, an kewaye shi da katako. Duwatsu baƙaƙe sun tsaya a gefe guda. Ruwa, wani irin kore mai duhu, ya taso ya yi tsiri ya fi dutsen tsawo, ya faso a jikinsa da farar kumfa kamar an kifar da bahon wanki. Sama kuma ta haɗe baƙi ƙirin. Ba mutum, ba jirgi, ko tsuntsu babu. A kusurwar ƙasa an rubuta sunan Ashiru da ƙananan baƙaƙe.

"Shi ya zana da hannunsa," in ji Malam Barau, yana washe baki. "Kin tuna yadda ya cika mana bango da gawayi?"

"Na tuna dukan da ya sha," in ji Inna. "Ina takardar?"

Aka zazzage kwali, aka girgiza leda. Babu takarda.

Inna ta zauna ta zuba wa abin ido. A saninta ba a aiko abu haka kawai. In aka aiko maka goro, magana ce. In aka aiko turare, magana ce. In maƙwabciya ta dawo miki da kwanonki ba ko ɗan gishiri a ciki, wannan ma magana ce, babba kuwa. Yanzu a ce yaro ya zauna ya ɓata fenti har haka, ya ɗora wa mota huɗu, ba abin da yake nufi?

"Wasiƙa ce," ta ce. "Malam, karanta min."

Malam Barau manomi ne, shi kuwa manomi in ka ba shi hoto, sama yake fara dubawa. Ya gyara hula, ya karkata kai.

"Alhamdu lillahi. Wannan hadarin gabas ne, dubi yadda gindinsa ya yi nauyi. Irin wannan ba ya watsewa. Yaron nan cewa yake baɗi ruwa zai yi yawa, mu ƙara shinkafa a fadama mu rage gero."

"Daga Kalaba zai gano ruwan Sara?"

"To, ai su suna kusa da inda ake ɗebo shi."

Inna ta yi tsaki har sai da akuya ta waiwayo.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Maikano, abokin Malam, wanda kakanninsa makiyaya ne kuma har yau shanunsa sun fi gonarsa yawa, ya shigo zaure aka fito masa da zanen. Ya daɗe yana dubawa, sandarsa a kafaɗa, sa'annan ya girgiza kai cike da tausayi.

"Wannan ƙasa ba ta da alheri," ya ce. "Ruwa har ya yi yawa, amma ko tsinken ciyawa babu. A ina saniya za ta tsaya ta sha? Kafin ta sunkuya an tafi da ita. Ni dai abin da na gani, yaro na cewa inda yake ba wurin zama ba ne."

Inna na bayan ƙofa, duk a kunnenta.

Sai ga Kubra mai kitso, maƙwabciyarsu, wadda ba a gayyatarta kuma ba a taɓa yin abu ba ita ba. Ko zama ba ta yi ba ta tafa hannu.

"Ayyururui! Aure ne! Yaya Munawwara, aure zai yi. Ba ki ga dutse ya tsaya ƙiƙam ba, ruwa na ta kai masa hari? Dutsen nan ɗanki ne, ruwan kuma wata 'yar bakin teku ce ta sa shi gaba. Ki fara tara lefe, mai cin kifi za a kawo miki."

"Kubra, ki fita min daga gida tun ina ganinki da mutunci."

"Ni dai na faɗa. A ba ni kitson amarya."

Kowa ya yi dariya ya watse. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta jingina zanen a bangon ɗakinta, ta zauna a bakin gado tana kallonsa, tuwon rana ya huce a kwano. Abin da ke cinta guda ne, kuma duk cikinsu ba wanda ya taɓo shi: yaron nan a jirgi yake aiki, to ina jirgin? Wane ne zai zana wurin aikinsa ya bar ruwa kawai? Tsoro ya kama ta sosai. Ta ji a ranta ko sallama ce yake yi mata, ko ya san abin da zai fita ya tarar. In kuwa haka ne, maganar ƙarshe da ya ji ta fito daga bakinta zuwa kunnensa ita ce rantsuwar nan. Wannan tunanin ya fi ruwan ba ta tsoro.

Washegari da sassafe ta yafa mayafi ta rungumi zanen.

"Birnin Kudu za ni, wurin Yaya Ƙasimu."

Can ne garinsu. Can aka haife ta, can suka fara zama da Malam Barau a wani sashe na gidan mahaifinta, har Ashiru ya kai shekara goma sha biyu, kafin gadon gona ya dawo da su Sara. Yayanta Malam Ƙasimu kuwa shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da zane a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya.

A mota direba ya ce a ɗaura abin a bisa tare da buhunan riɗi. Inna ta yi masa wani kallo, ya ce to a riƙe a hannu. Haka ta zauna da teku a cinya, kusurwar katako na zungurar wani mai sayar da kaji a haƙarƙari. Shi ma sai da ya leƙa ya ba da tasa fassarar, wai ambaliya ce ta ci wani gari, Allah ya jiƙan waɗanda abin ya rutsa da su. Inna ta juya zanen ya fuskanci ƙirjinta har aka isa.

Malam Ƙasimu na zaune a inuwar darbejiya a tsakar gida yana sauraron rediyo. Da ya ji abin da ya kawo ta, sai ya kashe rediyon, ya miƙe a hankali, ya shiga ɗaki ya sako babbar riga.

"Munawwara," ya ce, "shekara talatin da biyar ina jiran ranar da wani a danginmu zai tambaye ni abin da na sani. Kullum sai dai a ce, Yaya, rubuta mana suna a jikin kwanon biki."

"Yaya, ni ba lacca na zo ji ba."

"Za ki ji ta kuwa. Ja da baya. Ƙara. Zane ba a shinshina shi."

Ya jingina shi a jikin rumbu, ya sa tabarau, ya goya hannu a baya. Ya yi taku uku gaba, biyu baya. Ya runtse ido ɗaya. Ya ce kai, yaron nan yana da hannu. Dubi yadda ya sa ruwa ya yi nauyi, dubi yadda kumfar take kamar za ta jiƙa mutum. Ya fara bayanin yadda ake haɗa kore da baƙi, Inna ta katse shi.

"Yaya, don girman Allah. Yana da rai ko ba shi da rai?"

Muryarta ce ta sa ya cire tabaran ya dube ta. Rabon da ya ji ƙanwarsa ta yi magana a hankali haka tun rasuwar mahaifiyarsu.

"Wannan sanin na Allah ne," ya ce. "Amma zo ki taɓa nan." Ya kama yatsanta ya ɗora a kan kumfar. "Kin ji kaurinsa? Irin wannan fentin sai ya yi makonni bai bushe ba, kuma wannan ya bushe ƙayau. An daɗe da gama shi, tun kafin a yi maganar fitar jirgi. Wanda ke cikin firgici ba ya zama ya yi aiki mai natsuwa haka. Wannan aikin mai kewa ne."

Inna ta sauke numfashi, amma ba ta saki ranta duka ba. "To ina jirgin?"

"Shi mai zane ba dole ne ya sa duk abin da ya gani ba. Abin da ya dame shi yake sawa. Akwai ma abin da ya ɗaure min kai. Na taɓa zuwa bakin teku sau ɗaya, da aka tura mu taro Legas. Yashi na gani, shimfiɗe, ban ga dutse irin wannan ba. Wataƙila a littafi ya gano shi, na wata ƙasar." Ya mayar da tabarau. "Yanzu ga abin da nake koya wa ɗalibaina. Kada ki bi hayaniya. Ruwan nan hayaniya ce, hadarin ma haka. Ki nemi inda haske ya sauka. Duk mai zane, abin da yake so shi yake haskawa."

Inna ta duba. Gaskiya ne, ko'ina duhu ne, sai wuri ɗaya. Ta wata 'yar kafa a cikin hadarin rana ta zuro, ta sauka a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse can gefen hagu, inda ruwan bai kai ba tukuna. A kan dutsen akwai wani ja-ja, ɗigo-ɗigo, wanda duk mutanen Sara ba wanda ya kula da shi.

"Jini ne?" ta tambaya, hannu a ƙirji.

"Haba, wane irin jini. Ƙaguwa ce. Ƙaguwar teku ja ce, suna fitowa shan rana. Alama ce ta juriya, wato ƙaramar halitta a gaban babbar..."

"Ba ni tabaran nan."

"Ba a ara wa..."

Ta riga ta zare shi daga fuskarsa. Ta ɗora a hancinta, ta durƙusa, ta kai fuska dab da zanen, yadda aka ce ba a yi. Ta daɗe a haka.

Jan nan ba a warwatse yake ba. An baza shi ne sirara, gefe da gefe daidai. Kashi biyu ne: na dama manya-manya, na hagu ƙanana masu tsini, an bar 'yar hanya a tsakani. A cikin kowane kashi ga layi-layi nan, irin wanda yatsu ke bari in an ja su. A gefe kuma an ajiye wani ɗan siririn abu rawaya, dogo.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba, "ƙaguwar taku tana jeruwa manya a dama, ƙanana a hagu?"

"To, ita halitta..."

"Tana kuma ajiye karan korar kaji?"

Malam Ƙasimu ya sunkuyo kusa da ita yana ƙanƙance ido.

"Tattasai ne wannan. Wannan kuma barkono. Shanya ce." Inna ta ɗora yatsa a kai. "Shanyata ce. Duk garin nan ni kaɗai ke raba su da hanya a tsakiya, don kada yajin ƙaramin ya kama babban. Har Innarmu tana min dariya."

Ta miƙe, ta sunkuci zanen, ta nufi ƙofar baya da tabaran mutane a fuska. Malam Ƙasimu ya bi ta yana laluben hanya, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran a dawo masa da idonsa.

Bayan gidan, an wuce turken awaki da wata tsohuwar rijiya, duwatsu ne irin na Birnin Kudu, manya, wani kan wani. Inna ta bi ta tsakaninsu ba ko waiwaye, ta tsaya, ta ɗaga zanen a gabanta. Ta duba shi, ta duba gabanta.

Ga shi nan. Shimfiɗaɗɗen dutsen, da tsagar da ta ratsa gefensa. Ga ƙaton da ke bayansa, da ɗan ƙaramin da ya hau kansa kamar an kife tukunya. Ko ɗaya yaron bai manta ba. Bambancin kawai, inda ya zuba teku, gonar dawar maƙwabta ce, iska na kaɗa ta.

"Ikon Allah," in ji Malam Ƙasimu, da ya karɓi tabaransa. "Dutsen bayan gidanmu. Ni da na ce na wata ƙasa ne. Kullum sai na wuce shi."

"Kai wucewa kake yi. Ni a kansa na tsufa."

A kan dutsen nan take shanya duk kaka, shekara goma sha biyu. Kuma ruwan ƙarshen damina ba shi da alƙawari. Rana tsaka sai ka ga gabas ta haɗe. Ita tana cikin gida hannu dumu-dumu da ƙullu, sai ta leƙo ta katanga ta kwarara murya: "Kai! Hadari! Shanya!" Duk inda yake a unguwar, ko ƙwallo ake, ko ana tsakar dambe, sai ka gan shi a guje da buhu da tsintsiya. Sauran yara har kwaikwayonta suke yi don su tsokane shi. Akwai ranar da ya manta buhu, ya kwashe barkonon a cikin rigarsa, ya wuni yana tsalle yana ihu cikinsa na wuta, ita tana shafa masa man gyaɗa tana zaginsa, tana dariya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma duk unguwar an san wa ake kira.

Malam Ƙasimu ya gyara murya, malanta ta motsa. "Wato abin da mai zanen ke nufi, ga hadari ya taso, ga shanya a waje, amma babu mai kwashewa. Ma'ana..."

"Akwai mai kwashewa," in ji Inna. "Kiran ne ba a yi ba."

Ta zauna a bakin dutsen, zanen a cinya. Hawaye suka zubo mata, ta sa gefen mayafi tana gogewa da ƙarfi kamar mai jin haushinsu.

"Kuka kike yi, Munawwara?"

"Barkono ne ya shigar min ido."

"Na zanen?"

"Yaya, ka ƙyale ni."

Ya ƙyale ta. Can ta ja hanci ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wanda ya yi rantsuwa, ya ga barinta ya fi alheri, me ake ce ya yi?"

"Ya ciyar da mabukata goma, ko ya tufatar da su. In ba shi da hali, azumi uku. Na gaya miki wannan shekara uku da suka wuce, kika ce in je in ji da fentina."

"Yanzu na tambaya."

Ranar Alhamis gidan Malam Barau ya kaure da hayaƙi. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa tukunya guda, ta yi miyar taushe, ta sa aka yanka zakaran nan da ya fi kowa shan jifa. Kwano goma ta jera, kowanne ta faɗi gidan da za a kai: tsohuwar da ke bakin kasuwa, makahon da ke kusa da masallaci, matar da mijinta ya rasu bara, haka har goma. Kubra ce mai rabawa, tana tafe tana shelar cewa ai ta faɗa, walimar baiko ce. Malam Barau ya zo ya tsuguna kusa da murhu da nasa kwanon.

"Ni ma mabukaci ne. Shekara uku ina aikin tafinta ba lada."

"An sallame ka daga aikin," in ji Inna. "Kuma ba ka cikin goman."

Juma'a ta zo, ta bakwai. Aka sauko daga masallaci. Malam Barau ya ajiye wayar a kan tabarma, Inna ta zauna, yau ba rariya a hannunta, kuma fuskarta na kallon wayar. Zanen na jingine a jikin bango. Inuwa ta matsa daga bakin rumbu zuwa bakin rijiya. Wayar ba ta ce komai ba. Malam ya fara cewa wataƙila sai wani makon, ta ɗaga masa hannu. A ranta tana ta roƙon Allah kada ya zama ta makara, kada ya zama ta gane wasiƙar bayan mai ita ya tafi.

Ana kiran la'asar wayar ta ɗauki ƙara.

Malam Barau ya miƙa hannu, ya tarar ba komai a wurin. Inna ta riga shi. Ta danna inda ta ga yana dannawa shekara uku.

"Salamu alaikum, Baba," in ji muryar, a gajiye amma garau. "Ku yi haƙuri, sai jiya muka shigo, aikin ne ya ƙaru. Kowa lafiya? Baba, ka gaida min Inna, ka ce mata ina cin abinci. Saƙona ya iso kuwa?"

Inna ta matso da wayar bakinta. Ta gyara zama, ta tattaro muryar nan da ake ji daga bayan katanga har filin ƙwallo.

"Kai!"

Can ɓangaren aka yi tsit.

"Kai, da kai nake! Wane irin sakarci ne wannan? Ka ga hadari ya haɗo haka, ka bar min barkono a kan dutse?"

Malam Barau ya leƙo ya ga ko wayar ta yanke. Sai suka ji wani sauti, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, wataƙila duka biyun.

"Inna," in ji Ashiru. "Ai ina nan tsaye da buhuna. Ba a kira ni ba ne."

"To ga shi an kira ka." Ta goge ido da bayan hannu. "Yaushe za su ba ka hutu?"

"Bayan wata biyu, in Allah ya so."

"Barkonon bana zai kai lokacin. Ka zo ka kwashe." Ta ja numfashi. "Yanzu gaya min da bakinka, ba ta bakin babanka ba. Me ka ci yau?"